In Rumbun Kwamfuta Ya Cika, Ga Abin Yi

Yau filin namu zai taɓo matsalar da ke damun malamai mata da ɗalibai a Rano da Kibiya, musamman masu karatu a sashen Kano Poly da ke Rano, watau cikar rumbun kwamfutar tafi-da-gidanka. Yarinya tana tsakiyar rubuta aikin kammala karatu sai na'ura ta ce babu wuri. Ta goge hotunan biki, ta goge fina-finai, amma jan layin nan yana nan daram.

To, sau da yawa Windows ce da kanta ta cinye wurin. Wasu kwamfutoci masu araha da ake sayowa a Kano rumbunsu gigabait 64 ne kacal, alhali wannan shi ne mafi ƙanƙancin abin da Windows 11 ke bukata. Duk lokacin da ta sabunta kanta kuma sai ta bar tarkace. In an yi babban sauyi, tsohuwar takan zauna cikin wata jaka mai suna Windows.old har kwana 10, domin mai son komawa baya.

Ki jona kwamfutar da wuta tukuna, don aikin yakan ɗauki lokaci. Ki rubuta Disk Cleanup a wurin bincike, ki zaɓi rumbun C, sa'an nan ki danna Clean up system files. Ki sa alama a kan Windows Update Cleanup da Temporary files. Previous Windows installation kuwa, sai kin tabbata sabuwar tana aiki lafiya, domin in kin share ta babu komawa. Ki leƙa kwandon shara kafin ki zubar da shi, wata ajiyar takan faɗa ciki bisa kuskure.

Akwai wani ɓoyayyen fayil, hiberfil.sys, wanda kan kai gigabait da dama, samari masu gyara kuma suna son kashe shi. A ganina mu da wutar NEPA ba ta zama mana, a bar shi. Shi ne ke riƙe aikin da kike ciki in batir ya kusa mutuwa, har ki sami caji. Jakar System32 kuwa kada ki kuskura ki taɓa ta, ko da wa ya ce miki, don kwamfutar na iya ƙin tashi.

In abin ya gagara har sai an kai ta Kano, lalle ki kwafe aikinki a filas tun a gida, domin wasu masu gyaran da sun karɓa sai su wanke rumbun gaba ɗaya. Hotunanki na cikin gida ma ki kwashe su, kada ki miƙa wa baƙo kwamfutar suna ciki.