Ko Ka Sani? Ma'ajiyar Fayil Da Ba Ta Neman Kalmar Sirri

Duk shafin da adireshinsa ya fara da https sai ya nuna wa kwamfutarka takardar shaidarsa kafin ku soma hulɗa, don a tabbatar ba na bogi ba ne. Amma ko ka san wannan tsari, da ake kira TLS, ya ba shafin damar ya ce kai ma ka kawo taka?

Hakan na da amfani a ma'ajiyar fayil ta wucin gadi, inda za ka ɗora fayil, ka tura wa wani adireshinsa, bayan 'yan kwanaki ya goge da kansa. Irin wannan wuri, in aka bar ƙofarsa a buɗe, kowa sai ya shigo da kayansa. Misali, kamfanin Mozilla ya buɗe irin wannan ma'ajiya, Firefox Send, a 2019, ya kuma rufe shi a 2020 bayan ɓata-gari sun mai da shi wurin raba manhajojin ɓarna.

Ga yadda nuna takardar yake tafiya. Na'urarka za ta ƙirƙiri mabuɗai biyu masu alaƙa da juna, na sirri da na fili. Na filin ake sakawa a takardar shaida, tare da sunanka da ranar ƙarewar aikinta, bisa ƙa'idar X.509 wadda ta fito tun 1988. Mai ma'ajiyar ya sa mata hannu. Duk sa'ad da ka zo ɗora fayil, sabar, wato kwamfutar ma'ajiyar, ta nemi takardar, na'urarka ta miƙa, sannan ta rattaba hannu da mabuɗin sirri a kan saƙonnin da suka yi musaya a wannan haɗuwar. Sabar ta gwada sa hannun da mabuɗin fili. In ya dace, bismillah. In bai dace ba, ko shafin ɗorawa ba za ka gani ba.

Kalmar sirri dole ka aika ta, shi ya sa shafin bogi ke iya damƙe ta. Mabuɗin sirri kuwa kamar hatimi yake: ana ganin alamarsa a takarda, shi yana aljihun mai shi. Kuma sa hannun yau ba ya buɗe ƙofar gobe. Ƙasar Estoniya ta daɗe a kan wannan hanya, domin katin ɗan ƙasarta, tun 2002, yana ɗauke da irin waɗannan takardu.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Saka takardar a burauza na ba mutane wahala, kuma in an sace waya, dole mai ma'ajiya ya soke takardarta nan take. A TLS 1.2 takardar na wucewa a fili, mai leƙen hanya na iya ganin sunanka, TLS 1.3 na 2018 ne ya rufe wannan kafa.

Saboda haka tsarin ya fi dacewa da ofis ko ƙaramar ƙungiya: mai ɗorawa ya nuna takarda, mai saukewa adireshi ya ishe shi. In aka ga mugun fayil, an san takardar wa ta shigo da shi.