Mitar da Ke Bambanta Firji da Dutsen Guga

A farkon shekarun 1980, George Hart na jami'ar MIT a Amurka ya lura cewa kowane kayan lantarki yana da irin yadda yake jan wuta. Dutsen guga kan ɗebi kusan wat 1,000 lokaci guda, ya saki, ya sake ɗiba. Injin firji kuwa yakan yi fizga da farko kafin ya lafa. Saboda haka na'ura ɗaya a bakin layin gida ta isa ta faɗi abin da aka kunna a ciki, kamar yadda uwargida kan gane mai shigowa daga takunsa. Hart ya wallafa cikakken bayani a 1992, kuma a kansa ake gina binciken mita mai ƙwaƙwalwa har yau.

Sai dai manhajar da ke wannan ganewa koyar da ita ake yi, kuma a nan gizo ke saƙar. Bayanan da masu bincike suka fi dogaro da su daga gidaje ƙalilan suka fito: REDD na 2011 gida 6 ne a Amurka, UK-DALE na 2015 gida 5 a Ingila. Gidaje ne da ba kasafai ake ɗauke musu wuta ba. A Kano ko Maraɗi kuwa, gida ɗaya kan sauya daga wutar kamfani zuwa janareto ko sola a yini guda, ƙarfin wutar ya faɗi har fanka ta riƙa juyawa da ƙyar. Idan ƙarfin ya sauya, alamar kowane kaya ta sauya, manhajar ta rikice. Ina ganin aikin da ya fi cancantar sassan injiniyan lantarki na jami'o'in Zariya da Bayero shi ne tattara irin waɗannan bayanai daga gidajenmu. Ba aiki ne mai ƙyalli ba, amma bai fi ƙarfin ɗalibin digiri na biyu ba.

Wani zai ce ana maganar yaji alhali babu tuwo, tunda miliyoyin masu amfani da wuta a Najeriya ko mita ta gama-gari ba su da ita, kuɗin ƙiyasi ake yanka musu. Haka ne. Amma mitocin da ake sayowa yanzu za su yi shekaru a jikin bango, kuma wanda bai auna wutarsa ba ba zai san irin da ta dace ya saya ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na sirri, domin mitar da ta san lokacin kunna guga ta san lokacin da gida ba kowa. Wannan damuwa ce ta sa majalisar dattawan Holan ta ƙi tilasta mitoci masu ƙwaƙwalwa a 2009. Akwai mafita a fasahance: a yi lissafin a cikin mitar, maigida ya ga dalla-dalla, kamfani ya karɓi jimilla kawai. Saura hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta mayar da hakan sharaɗi.