Keken Fatsa na Teku: Me Ake Saya da Dala Dubu?

Wanda ya saba ganin mai fatsa a bakin gulbi, da sandarsa da zare da ƙugiya da 'yar tana a gwangwani, zai riƙe baki idan aka ce masa akwai inda ake sayar da abin naɗe zaren fatsa kaɗai a kan dala dubu ko fiye, ban da sanda, ban da zare. Wannan abu, wanda Turawa ke kira ril, ƙaramin keke ne da ake ɗaurawa kusa da gindin sanda. Yana da hannu da ake juyawa, da ƙwarƙwaron da zare ke naɗuwa a jikinsa, da giya mai haɗa su, sannan da birki. Masu kamun kifi a teku don wasa ko gasa, daga Japan zuwa Amurka da Ostireliya, sun daɗe suna gardama kan ko mai tsadar ya cancanci kuɗinsa. Kafin a shiga gardamar, sai an san abin da keken ke fama da shi.

Abokin gabansa na farko gishiri ne. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, kuma idan ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin irin wannan ruwa, misali alminiyum da baƙin ƙarfe, sai wata 'yar wutar lantarki ta gudana tsakaninsu, ɗaya ya riƙa cinyewa a hankali. Keken da zai yi shekara goma lafiya a tafki, wata shida a bakin teku sun isa su sa boris ɗinsa ya fara ƙara kamar an zuba masa yashi. Ruwan ma idan ya bushe bai tafi ba, ya bar gishirin a ciki yana ci gaba da aiki.

Na biyu shi ne kifin kansa. A 1953 Alfred Glassell ya kama kifin malin baƙi mai nauyin kusan kilo 708 a gaɓar Cabo Blanco ta ƙasar Peru, da sanda da keke. A 1979 Ken Fraser ya kama kifin tuna mai kusan kilo 679 a Nova Scotia ta Kanada. Ko a nan Afirka ta Yamma, a tsibiran Bijagos na Gini Bisau, an kama kifin tarpon mai kusan kilo 130 a 2003. Ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939, ita ke riƙe da kundin irin waɗannan bajintoci. Babu hannun ɗan Adam da zai janyo dabba irin wannan da ƙarfin tsiya. Abin da ake yi shi ne a bar kifin ya gudu da zare, amma ya gudu yana jan nauyi, har ya gaji.

Nan ne birki ya shigo, kuma a ganina nan ne mafi yawan kuɗin ke tafiya. Birkin keken fatsa wasu 'yan faifai ne siraran gaske da aka jera a kan juna, na ƙarfe da na zaren kabon, ana matse su da maɓalli. Idan kifi ya fizga da ƙarfin da ya wuce matsin, sai faifan su zame, ƙwarƙwaro ya juya, zare ya fita. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a saita birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyin da zaren zai iya ɗauka kafin ya tsinke. Sai dai akwai wata matsala da sabon shiga bai cika lura da ita ba. Yayin da zare ke ƙarewa, kaurin abin da ya rage a ƙwarƙwaro yana raguwa, sai jan da birki ke yi wa zaren ya ƙaru da kansa ko da ba a taɓa maɓalli ba. Idan kaurin ya koma rabi, jan ya ninka. Ga kuma zafi. Tuna mai gudu da mita ɗari biyu na zare cikin 'yan daƙiƙoƙi yana sa faifan su yi zafin da ba a iya taɓawa. Birki mai arha a wannan hali yakan riƙa kamawa yana saki, yana kamawa yana saki, kuma fizga ɗaya ta isa ta tsinke zare ko ta miƙe ƙugiya. Mai kyau yana sakin zare sumul daga daƙiƙar farko har ta ƙarshe.

Zuwan zaren kitso na zamani, wanda ake yi da Dyneema ko Spectra, ya ƙara wa keke wahala tun daga shekarun 1990. Tsohon zaren nailan yana miƙewa kamar roba, yana shanye wani ɓangare na fizgar kifi. Na kitso siriri ne, mai ƙarfi ƙwarai, kuma kusan ba ya miƙewa, saboda haka duk abin da kifi ya yi yana isa kai tsaye ga giya da birki. Kekunan da gangar jikinsu ke ɗan lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi sai haƙoran giyarsu su kauce daga saiti su fara cin juna. Shi ya sa masu tsada ake sassaƙa ko ƙera jikinsu da alminiyum mai tauri.

Sunaye biyu suka fi yawo a bakin masu gardamar, duka daga Japan. Kamfanin Shimano, wanda aka kafa a Sakai a 1921 yana ƙera kayan keken hawa, ya shiga harkar kamun kifi a 1970, kuma babban abin alfaharinsa shi ne Stella. Kamfanin Daiwa, na 1958, yana da Saltiga. Manyan nau'o'insu suna ba da birkin da ya kai kilo 25 zuwa 30. Magoya bayan Stella suna yabon laushin juyawarta, suna cewa hannu ba ya jin komai ko an yini ana naɗi. Na Saltiga suna magana kan tauri, da wata dabara da Daiwa ta kira Magsealed: wani mai ne da aka gauraya da ƙwayoyin ƙarfe, maganaɗisu yana riƙe shi a gurbinsa ya toshe hanyar ruwa ba tare da roba mai goga ba. Asalin irin wannan ruwa binciken hukumar NASA ne na shekarun 1960. Masu suka kuwa suna cewa wannan man ba kowa ke da shi a gida ba, dole a mayar da keken wurin dillali a duk lokacin gyara, abin da ke damun wanda ya saba kwance kayansa da kansa.

A Amurka al'adar ta ɗan bambanta. Otto Henze, baƙo daga Jamus, ya kafa Penn a Philadelphia a 1932, kuma kekunansa irin su Senator da International sun yi suna ne da juriya da sauƙin samun kayan gyara. Akwai kuma Van Staal, wanda masu fatsa a gaɓar Montauk ta jihar New York ke so. Mutanen nan sukan shiga ruwa har ƙirji da dare, wasu ma su yi iyo zuwa kan duwatsu, keken yana nutsewa tare da su. An rufe jikin Van Staal ruf, kuma juyawarsa ta fi ta Stella nauyi a hannu. Wanda ya saba da keken Japan zai ce wannan aibi ne. Mutumin Montauk zai ce farashin kariya daga yashi da ruwa ke nan, kuma ya biya da yardar rai.

Ɗaya ɓangaren, na masu cewa mai tsadar bai cancanci kuɗinsa ba, yana da hujja mai ƙarfi, ba kuma na talauci kaɗai ba. Suna cewa fasahar da ke cikin keken ƙoli a bana, bayan 'yan shekaru tana saukowa cikin na matsakaicin farashi, irin su Saragosa na Shimano ko Slammer na Penn, waɗanda ake samu a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin Stella. Suna cewa birkin kilo 30 lamba ce ta jikin kwali, don kaɗan ne cikin mutane za su iya tsayawa a jirgi mai tangaɗi su riƙe ko rabin haka na tsawon minti goma. Suna ƙarawa da cewa da kuɗin keke ɗaya za ka sayi biyu, ɗaya ya zama na ko-ta-kwana, ragowar ka sa a zare mai kyau da man jirgi.

Ni dai na fi karkata ga cewa kowa yana magana ne daga ruwan da yake shiga. Wanda ke fita sau goma a shekara yana kama kifin kilo biyar zuwa goma, da wuya ya taɓa kai keken matsakaici iyakarsa. Amma ɗauki mutumin da ya tara kuɗi ya tafi kudancin Oman neman babban kifin nan da ake kira GT, wanda ke iya wuce kilo 50. Zai yini yana jifa da abin yaudara mai nauyi ɗaruruwan lokuta, kuma idan kifin ya kama, kai tsaye yake nufar duwatsun ƙarƙashin ruwa don ya yanke zare. Ba a barinsa ya gudu. Ana ɗaure birki ne sosai a tsayar da shi cikin daƙiƙoƙin farko. Watakila dama ɗaya ke nan da zai samu a duk tafiyar, kuma idan giya ta karye a wannan lokaci, ba shagon da zai je.

Abin da ɓangarorin biyu suka yarda a kai shi ne kulawa. Bayan kowace fita ana ɗaure birki, a ɗauraye keken da ruwan daɗi a hankali, ba da feshi mai ƙarfi ba, don kada a tura gishiri ciki. A goge, a bar shi ya sha iska a inuwa, sannan a sassauta birkin kafin a ajiye, domin faifan da suka daɗe a matse sukan lotsa. Mai fita teku a kai a kai yakan buɗe shi sau ɗaya a shekara, a sauya giris, a duba boris da robobin da ke toshe ruwa.