Kyautata zato a bakin Komadugu

A watan Yunin 2021 mutanen Baroua, kusa da Bosso a jihar Diffa ta Nijar, suka fara komawa garinsu bayan shekaru suna gudun hijira saboda hare-haren Boko Haram. Duk wanda ya tarar da gidansa kango, amma ya kwaɓa ƙasa ya soma gini, ya riga ya yarda a ransa cewa gobe tana iya fin jiya. Wannan yarda ita ce kyautata zato, kuma hali ne da ake koya kamar kowace sana'a.

Zuciya ta fi riƙe abin baƙin ciki, shi ya sa alheri yake bukatar a ƙirga shi da gangan. A 2005 masanin halayyar ɗan Adam Martin Seligman na Amurka da abokan aikinsa sun sa mutane su riƙa rubuta abubuwa uku masu kyau da suka same su kowace rana, tare da dalilinsu, tsawon mako guda. Bayan wata shida aka tarar farin cikinsu ya ƙaru, damuwarsu ta ragu. Wanda bai iya rubutu ba, ƙirgawa a zuci bayan sallar isha ba ta fi ƙarfinsa ba: yaro ya warke, tattasai ya yi daraja, maƙwabci ya ba da aron injin ban ruwa.

Wani zai ce wannan zancen wanda ya ƙoshi ne, kuma yana da hujja, domin a watan Agustan shekarar da aka koma an kai hari Baroua, sojoji 16 suka rasu. Gaskiya ne, zato mai kyau ba ya tsare gari, kuma shugaban da ya ce wa talaka ya yi murmushi a madadin tsaro ya cuce shi. Binciken masaniyar halayyar ɗan Adam Gabriele Oettingen ma ya nuna masu mafarkin nasara kawai sukan yi sanyin jiki wajen aiki. Abin da ke amfani shi ne fata da ke kallon cikas ido da ido, irin na manomin tattasai da ke dasa iri yana lissafin ambaliyar kogin Komadugu da tsadar mai, ya kuma tanadi abin yi idan suka zo. Shi kuwa wanda firgici ya hana barci wata da watanni, ƙirga alheri ba zai wadatar da shi ba, ma'aikacin lafiya ya kamata ƴan uwa su kai shi ya gani.