Kujerar Koci: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Ce "A Kore Shi"

Duk wanda ke zama a gidajen kallon ƙwallo na Karu, ko Nyanya, ko Jikwoyi, ya san maganar da ke fara fitowa da zarar an tashi wasa an ci ƙungiyar da ake so: "A kori kocin nan!" Maganar ba ta da nauyi a baki. Amma a bayanta akwai magidanci mai kuɗin haya a wuya, da 'ya'ya a makaranta, da aikin da zai iya kuɓuce masa cikin mako guda. Ko ku magoya baya ne, ko iyayen yaran da ke zuwa atisaye, ko kuna sha'awar shiga aikin da kanku, ga abubuwan da ya kamata ku sani.

Mene ne ainihin aikin koci?

Koci shi ne mai horar da 'yan wasa. Shi ke tsara atisaye, ya zaɓi goma sha ɗayan da za su fara wasa, ya yanke wanda zai fita da wanda zai shigo, ya kuma tsara dabarar da za a tunkari abokan karawa da ita. Yana da mataimaka, ciki har da mai horar da masu tsaron gida da mai kula da ƙarfin jikin 'yan wasa.

Ba a shiga aikin da ka. Akwai takardar shaidar ƙwarewa da ake kira lasisi, wadda hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ke bayarwa mataki-mataki: D, da C, da B, da A, sannan ta ƙoli. A Najeriya akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, inda masu horarwa da dama suka yi karatu. Kowane mataki yana cin kuɗi da lokaci, kuma sau da yawa mutum daga aljihunsa yake biya.

Akwai wani muƙami da za ku riƙa ji, wato mai ba da shawara kan dabarun wasa. A ƙwallon Najeriya, wannan yakan zama shi ne babba a kan koci. Don haka idan kun ji an ce za a kawo wa koci mai ba da shawara, ku fahimci cewa ana shirin rage masa iko ne. Finidi George ya ajiye aikin horar da Super Eagles a watan Yunin 2024, jim kaɗan bayan hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, ta sanar cewa za ta ɗauko irin wannan mutum daga waje.

Wa ke ɗaukar koci, wa ke sallamarsa?

Babbar gasar ƙasar nan, NPFL, tana da ƙungiyoyi 20. Kowace tana buga wasa 38 a kaka, kuma huɗun ƙarshe ne ke faɗawa gasa ta biyu, NNL, wadda masu sharhi ke kira ta 'yan dagaji. Yawancin ƙungiyoyin mallakar gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars ta Kano, Katsina United ta Katsina, El-Kanemi Warriors ta Borno, Wikki Tourists ta Bauchi, Nasarawa United da ke Lafiya ta maƙwabciyarmu Nasarawa. Kaɗan ne na 'yan kasuwa, irin Remo Stars da ta ci gasar a 2025.

Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan koci. Gwamnati ce ke naɗa shugabannin ƙungiya, su kuma su ɗauki koci. Idan aka sauya gwamna ko kwamishinan wasanni, sau da yawa akan rushe shugabancin, sababbin kuma su zo da nasu mutumin. Kenan koci na iya rasa aikinsa ba don ya kasa ba, sai don wanda ya kawo shi ya tafi.

Akwai kuma abin da ake kira wa'adi. Idan sakamako ya yi ta taɓarɓarewa, shugabanni kan fito su ce sun ba koci wasa uku ya gyara, ko ya san inda dare ya yi masa. Wa'adin yakan kwantar da hankalin magoya baya, amma ba ya biyan 'yan wasa bashin albashinsu, ba ya kuma warkar da wanda ya ji rauni.

Shin cin kofi ba ya tsare masa kujera?

Za ku iya zaton wanda ya kawo kofi ya huta. Tarihi bai nuna haka ba. Ku dubi Kano Pillars, Sai Masu Gida, wadda aka kafa a 1990. Ta ci gasar ƙasa sau huɗu a hannun koci uku: Kadiri Ikhana a 2008, Mohammed Baba Ganaru a 2012 da 2013, sai Okey Emordi a 2014. A 2019 Ibrahim Musa Jugunu ya ci mata kofin ƙalubale a Kaduna, bayan doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. Shekara guda bayan haka aka ɗauko Bafaranshe Lionel Soccoia, wanda bai cika kaka ɗaya ba. Ƙungiyar ta faɗa gasa ta biyu a 2022, ta dawo a 2023, kujerar kuma ta ci gaba da sauya hannu.

Usman Abdallah ya ci wa Enyimba ta Aba gasar ƙasa a 2019, amma a farkon 2020 an riga an maye gurbinsa. Marigayi Shuaibu Amodu ya samo wa Najeriya gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta 2002 da ta 2010, kuma duka biyun an sauke shi kafin a tafi.

Dalilin a fili yake. Buri ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ƙungiyar da ta tsira daga faɗuwa bana, baɗi tana son shiga sahun gaba. Wadda ta ci kofin gida tana son na Afirka. Amma kuɗin sayen 'yan wasa, da filin atisaye, da motar tafiya ba sa ƙaruwa da saurin da burin ke ƙaruwa. Idan aka samu giɓi tsakanin abin da ake so da abin da aka tanada, sallamar mutum ɗaya ta fi sauƙi a kan sallamar 'yan wasa talatin.

Ina iyali suka shigo cikin maganar?

Ta hanya uku. Ta farko ita ce nisa. Koci yana bin aiki ne duk inda ya samu. Mutumin da gidansa ke Kurudu zai iya samun aiki a Maiduguri bana, baɗi a Uyo. Ba zai cire yara daga makaranta ya tafi da su garin da bai san ko zai yi wata shida a cikinsa ba, sai ya bar su. Kwanakinsa suna ƙarewa tsakanin sansani, da otal, da doguwar tafiya a bas. Suna, da biki, da jinya, da zaman makoki duk suna wuce shi, uwargida kuma ita ke riƙe da gida ita kaɗai.

Ta biyu ita ce kuɗi. Abin da koci ke samu kashi uku ne: albashin wata, da alawus na tafiya da zaman sansani, da ladan cin wasa. Na ukun ba shi da tabbas, na farkon kuma yakan makara. A Abuja da kewaye, inda mai gida ke karɓar hayar shekara a dunƙule, makarar albashi na wata uku ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Ko Stephen Keshi, wanda ya ci wa Najeriya kofin Afirka a watan Fabrairun 2013, ya fito a wannan shekarar yana kukan ana riƙe masa albashin watanni da dama.

Ta uku ita ce zagi da barazana. Abin da aka faɗa wa koci a filin wasa, ko aka rubuta a Facebook, 'ya'yansa na ji a makaranta, matarsa na ji a kasuwa. Shi ya sa sau da yawa daga cikin gida ake fara cewa: "Malam, ka haƙura da aikin nan haka, ka nemi abin da zai zaunar da kai kusa da mu."

Ba a nan kaɗai ake fama da wannan ba. Luis Enrique ya bar aikin horar da Sifaniya a 2019 don ya zauna da 'yarsa da ke jinya, ya dawo bayan rasuwarta. Xavi ya sanar a watan Janairun 2024 cewa zai bar Barcelona saboda nauyin aikin ya yi masa yawa, ya janye a Afrilu, ƙungiyar ta sallame shi a Mayu. Bambancin shi ne su suna da abin da za su zauna su ci. Kocin gida galibi ba shi da fansho, ba shi da ajiyar da za ta riƙe shi shekara guda.

Me kwantiragi ke karewa?

Kwantiragi shi ne rubutacciyar yarjejeniya tsakanin koci da ƙungiya. Ya kamata ya faɗi tsawon aikin, da albashi da ranar biyansa, da masauki, da burin da aka gindaya, da kuma abin da za a biya idan ɗaya ya raba gari da ɗaya kafin lokaci. Wannan na ƙarshe shi ake kira diyya, kuma shi ne abincin iyali a watannin da mutum ke neman wani aikin.

Tun daga 2021 hukumar ƙwallon duniya, FIFA, ta sanya dokoki na musamman don masu horarwa. A cikinsu, idan aka riƙe wa koci albashin wata biyu, zai iya rubuta takardar gargaɗi ta kwana 15. In ba a biya ba, yana da damar ajiye aikin ya nemi haƙƙinsa. Sai dai kotun FIFA tana sauraren ƙarar da ta haɗa ƙasa da ƙasa ne, wato kocin da ke aiki a ƙasar da ba tasa ba. Ta wannan hanya Gernot Rohr ya bi bayan NFF ta sallame shi a watan Disambar 2021, FIFA kuma ta umarci a biya shi. Kocin gida da ke aiki a ƙungiyar gida zai kai kukansa ga kwamitin sasantawa na NFF ne, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa mai hedikwata a nan Abuja. Ko ta wace ƙofa ya shiga, abin da za a fara tambayarsa shi ne takarda. Alkawarin baki yana da wuyar tabbatarwa.

Wa ke asara idan aka kori koci?

Ba shi kaɗai ba. Mataimakansa sukan tafi tare da shi. 'Yan wasan da ya kawo sukan koma benci, domin sabon koci yana zuwa da nasa zaɓin. Ƙungiya kuma tana iya samun kanta tana biyan mutum biyu a kujera ɗaya: diyyar tsoho da albashin sabo. Idan ta gwamnati ce, wannan kuɗin jama'a ne, wato naku.

Wannan ba ya nufin kada a taɓa sauya koci. Akwai wanda ya kasa, akwai wanda 'yan wasa suka daina saurara. Abin da ake nema shi ne a auna shi da kayan aikin da aka ba shi, a kuma sallame shi da haƙƙinsa a hannu.

Yaya abin yake ga kocin unguwa a Karu?

A nan ne aikin ya fi wuya, kuma a nan ne aka fi mantawa da mai yinsa. Ku je filin makarantar gwamnati da sassafe ko bayan la'asar, za ku tarar da shi da usur a wuya, da buhun ƙwallaye uku ko huɗu, yana jera duwatsu ko robobin ruwa a matsayin alamar atisaye. Galibi yana da wata sana'ar: malamin makaranta ne, ko tela, ko ma'aikacin da ke kutsawa cikin cunkoson hanyar Nyanya don ya iso kafin rana ta faɗi. Ranar wasa shi ke haɗa kuɗin mota da na ruwan leda, wani lokaci har da na ɗaurin wanda ya gurɗe.

Shi ma yana tsakanin buri biyu. Mai ƙungiya yana son a hau gasar NLO, wato mataki na uku, ko a sayar da yaro waje. A gida kuma ana tambayarsa abin da shekarun nan suka haifar. Idan yaron da ya raina ya samu shiga babbar ƙungiya, dokokin FIFA sun tanadi wani kaso ga ƙungiyoyin da suka horar da shi yana ƙarami. Amma sai ƙungiyar tana da rajista, sunan yaron kuma yana cikin kundinta. In babu wannan, wahalar ta tafi a banza.

To, me za ku yi?

Idan kuna shirin shiga aikin, ku nemi lasisi, kada ku fara ba tare da rubutaccen kwantiragi ba, ku ba lauya ya karanta kafin ku sa hannu, ku kuma riƙe kwafinku. Ku zauna da iyali ku faɗa musu gaskiyar tsawon aikin da abin da zai shigo, kada ku saki sana'ar hannu sai ƙafa ta tsaya. Rigakafi ya fi magani.

Idan ku iyaye ne, ku san kocin ɗanku ido da ido, ku tambayi ko ƙungiyar tana da rajista da hukumar ƙwallon Babban Birnin Tarayya, ku kuma biya ɗan abin da aka yanka a kan lokaci.

Idan ku magoya baya ne, kuna da haƙƙin yin suka, amma ku tsaya a kan wasa, ku bar iyalin mutum. Kafin ku nemi a kori koci, ku tambayi shugabannin ƙungiya abu uku: an biya albashi, an kawo 'yan wasan da ya nema, kuma wane buri aka rubuta masa a farkon kaka? Amsar da suka bayar ita za ta nuna muku wanda ya kamata ya ɗauki laifin.