SILIFAS A GONA LOKACIN BAZARA: ƘAFA TA SHA ISKA, GAƁOƁI SUN SHA WAHALA



Duk wanda ya leƙa gidajen kiwo na Barnawa da Narayi da Kakuri tsakanin Maris da Mayu zai ga abu ɗaya: rambut yana jingine a bakin ƙofa, yaron gona yana ta zirga-zirga da silifas. In ka tambaya sai ya ce, "Oga, zafi ne wallahi, ƙafar dafuwa take." Gaskiyarsa ne, roba ba ta shan iska. Amma bari mu yi lissafin abin da ƙafar nan take ɗauka.

Buhun abincin kaji kilo 25 ne, na kifi yawanci kilo 15. Jarkar ruwa mai lita 25 ita ma kilo 25 ce. A bazara kuma kaji sun fi shan ruwa, don haka sawun ɗiba ya ƙaru. Duk wannan nauyi kan ƙafa yake sauka, ita kuwa ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 gare ta da gaɓoɓi 33.

Silifas ba shi da abin da ke riƙe diddige. Dole yatsu su dinga damƙe shi kada ya fice, taku ya gajarce, idon sawu ya yi ta rawa. Akwai wata jijiya mai kauri da ta tashi daga diddige zuwa gindin yatsu. In aka wuni ana dukan siminti da siririyar roba, ita ce ke fara kuka. Alamarta sananniya ce: ka tashi da asuba, takun farko ka ji kamar ka taka ƙusa, sai ka ɗan zagaya ya lafa.

Ɗauko silifas ɗinka ka juya shi. In gefe ɗaya ya cinye, to a karkace kake tafiya, gwiwa da ƙugu ne ke ta ƙoƙarin daidaita ka.

Masu kifi, naku ya fi haɗari. Bakin kwami da gefen tamfol ba sa rabuwa da gansakuka, musamman ranar canjin ruwa. Santsi ɗaya da baho cike da tarwaɗa a hannu ya isa ya jawo targaɗe ko murɗewar gwiwa. Mai gona ya kwanta sati biyu, wa zai ba kaji ruwa da tsakar rana?

Sannan ga batun cuta. Silifas ɗin da aka shiga kasuwar kaji da shi, shi ake shigowa da shi ɗakin tsaki. Kada mu manta, a nan jihar Kaduna, a wata gona da ke Jaji, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya a watan Fabrairun 2006.

TO MENE NE MAFITA?

1. Ɗakin kaji da bakin kwami, rambut dole ne. A zaɓi mara nauyi, mai zane a ƙasa, daidai ƙafa.
2. A sa safar auduga, a canza ta in ta jiƙe. A ajiye rambut biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na shan iska.
3. Aikin ɗauke-ɗauke a yi shi da sanyin safiya ko yamma. Buhu ya wuce ɗaya, a sa baro.
4. Zirga-zirgar tsakar gida, sandal mai igiya a baya da ƙasa mai kauri. A Kasuwar Barci ana samun na gwanjo masu ƙwari.
5. Silifas a bar shi a wurinsa: alwala, banɗaki da hutu.

Masu ɗaukar yara aiki, kuɗin takalmi bai kai kuɗin jinya ba. A saya musu don Allah.

Wanda kuma gwiwarsa ta kumbura ko ya kasa taka ƙafa, ya je asibiti, ga na Gwamna Awan nan a Kakuri. A daina haɗiyar maganin kashe ciwo kullum kamar gyaɗa, yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda.

Ku wane takalmi kuke sawa a gonarku da zafin nan?

Allah Ya sa wa kiwonmu albarka.