Ɗaure Mai Taɓin Hankali: Wa Ke Da Ikon Sakinsa?

Da wuya a sami unguwar da ba a taɓa wayar gari da irin wannan labari ba. Saurayi ya yi kwana biyar bai runtsa ba, yana ta sambatu, ya ce abincin da uwarsa ta dafa akwai guba a ciki, daga nan ya ɗauki taɓarya. Sai 'yan'uwa da maƙwabta su taru su danne shi, a ɗaure shi da igiya, a sa shi a mota yana ihu yana cewa lafiyarsa ƙalau. Ba wanda zai zargi mutanen gidan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma abin tambaya ba ranar kamun ba ne kaɗai. Bayan an rufe ƙofa, wa zai buɗe ta, kuma yaushe?

A ƙasar nan an daɗe ba a ba wannan tambaya amsa ba. Turawan mulki sun buɗe gidan tsare mahaukata a Yaba ta Ikko cikin 1907, sa'an nan suka kafa dokar mahaukata cikin 1916, wadda aka sabunta cikin 1958, shekara biyu kafin samun 'yancin kai. Manufar dokar ita ce a kawar da mutum daga idon jama'a. Idan likita ya ba da shaida, majistare ya sa hannu, shi ke nan, an tsare shi. Batun magani kuwa, ko batun jin ta bakin marar lafiyar, dokar ba ta damu da su ba. Da yake asibitoci ba su wadata ba, sai gidajen yari suka zama masauki, inda aka riƙa ajiye mutanen da ba su yi sata ba, ba su kashe kowa ba, laifinsu kurum shi ne ciwo. Waɗansu 'yan'uwansu ne suka kai su, ba su sake waiwayarsu ba. Abin mamaki, wannan doka ta ci gaba da aiki har fiye da shekara sittin bayan tafiyar waɗanda suka kawo ta.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ne muka yi fama da wannan. A Amurka an yi wani mutum, Kenneth Donaldson, wanda ya je gaida iyayensa a jihar Florida, mahaifinsa ya kai ƙara cewa ɗansa ya taɓu, aka tsare shi a asibitin gwamnati cikin 1957. Bai fito ba sai 1971. Cikin waɗannan shekaru duka bai taɓa kai wa kowa hari ba, kuma wani abokinsa ya sha neman a ba shi shi ya riƙe, aka hana. Cikin 1975 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa hukuma ba ta da ikon ci gaba da tsare mutumin da ba ya da haɗari ga kowa, wanda kuma zai iya zaman kansa, ko shi kaɗai ko da taimakon dangi da abokai. Watau kasancewar mutum yana da taɓin hankali ba ta isa hujjar kulle shi ba.

To, amma fa masu goyon bayan tilastawa suna da tasu hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. Wannan ciwo ya bambanta da zazzaɓi ko karaya, domin yakan taɓa ainihin abin da mutum ke yanke shawara da shi. Mai karaya ya san ya karye. Wanda ciwon ƙwaƙwalwa ya yi wa tsanani sau da yawa bai san yana ciwo ba, likita ma maƙiyi yake ganinsa. In aka ce sai ya yarda za a yi masa magani, to, an bar shi ya ƙi ci ya ƙi sha, ko ya faɗa rijiya, ko ya ƙare yana tsince-tsince a bola yara na jifansa. Tsarin Mulkin 1999 ma, a sashe na 35, ya yarda a tauye 'yancin marar hankali domin a kula da shi, ko a yi masa magani, ko a kare jama'a. A ganina wanda ya ce kada a taɓa tilasta wa kowa ko da sau ɗaya bai kwana gida ɗaya da irin wannan marar lafiya ba.

Sai dai maganin ma ba ruwan sanyi ba ne. Allurai irin su Largactil, da aka fara amfani da su a Faransa cikin 1952, suna kwantar da mutum, amma sukan sandarar da jiki, su sa rawar hannu da dalalar miyau da nauyin harshe. Wanda ya ce ba ya so, ba lalle ne ciwon ke magana ba. Wataƙila ya ɗanɗana ne ya ji. Ga kuma wata ɓarakar da ba a cika son faɗa ba: da zarar an kira mutum mahaukaci, maganarsa ta faɗi. In ya yi gardama a ce ciwon ne, in ya yi shiru a ce ciwon ne. Wanda ke hangen gadon ɗan'uwansa, ko mijin da ya gaji da matarsa, ba shi da makami mai kaifin wannan kalma.

Inda abin ya fi muni shi ne wuraren da ba likita ba majistare. Cikin watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane ɗaruruwa, manya da yara, waɗansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Akasarinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, don shaye-shaye ko rashin ji ko taɓuwa, suna kuma biyan kuɗi. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba, rashin wurin zuwa ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200, kuma mutumin ƙauye sai ya yi doguwar tafiya kafin ya kai Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri.

Cikin Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ta hana ɗaure marar lafiya da sarƙa, ta ba shi haƙƙi kamar kowane ɗan ƙasa, amma ba ta soke kwantarwa da magani bisa tilas ba, ta dai gindaya musu sharuɗɗa. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce da saura, suna kafa hujja da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijeriya ta amince da ita cikin 2010. Likitoci da yawa kuwa suna ganin in an soke tilas baki ɗaya, marasa lafiyar ne za su fi shan wuya.

Ni dai abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin da wani ɗan ƙasar nan ya yi tun kafin duk wannan muhawara. Cikin 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma aiki a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye suka ba su masauki, kowane marar lafiya tare da wani danginsa, uwa ko ƙanwa ko goggo, da za ta dafa masa abinci ta kwana kusa da shi. Da rana su zo asibiti a yi musu magani, da yamma su koma cikin mutane. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya jika maimakon ya kore su. Mutumin da zai yi kokawa da ƙarti huɗu yakan karɓi ƙwaya daga hannun uwarsa ba gardama. Masana daga ƙasashen waje sun riƙa zuwa Aro don ganin wannan tsari, shi kuwa Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 har zuwa 1988.